Baƙon malami a Kudancin Katsina: Takardun zama da na aiki da doka ta tanada

Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana duk wanda ba ɗan Najeriya ba karɓar aikin albashi a hannun wani mutum ko kamfani, sai da rubutaccen izinin Kwanturola-Janar na Hukumar Kula da Shige da Fice. Dokar ba ta bambanta injiniyan kamfanin mai a Fatakwal da malamin Faransanci mai karɓar ɗan albashinsa a wata makarantar kuɗi a Ƙanƙara ba. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara da kora daga ƙasa, shi ma wanda ya ɗauke shi aikin ba ya fita salin-alin.

A garuruwa irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, baƙon malamin da za a fi cin karo da shi a yau ba Bature ba ne, ba kuma Ba'indiye ba. Maƙwabci ne: ɗan Nijar mai koyar da Faransanci ko Larabci ko haddar Alƙur'ani, ko ɗan Benin ko Togo ko Ghana. Wani ma Bahaushe ne daga Maraɗi ko Tasawa, wanda in ya buɗe baki sai mai kunne sosai zai gane daga inda ya fito. Irin wannan baƙo shi ya fi kowa sauƙin samun takarda, kuma shi ya fi kowa zama babu ita, domin babu wanda ke tambayarsa. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka tambaya.

Baƙin malamai a ƙasar Katsina

Zuwan malami daga wata ƙasa ya zauna ya karantar tsohon abu ne a Katsina. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Maghili, mutumin Tilimsan ta Aljeriya ta yau, ya zauna a Kano da Katsina yana karantarwa. 'Yandoto, wadda yanzu take yankin Tsafe a Jihar Zamfara, ba nisa da Faskari, ta yi suna a matsayin garin malamai da almajirai tun kafin jihadi. A wancan zamani takardar malami ita ce iliminsa da ijazar da malamansa suka ba shi, izinin zamansa kuwa yardar sarki da mai masauki. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ta zo ne daga baya, da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906, kuma har gobe Sarkin Maraɗi yana amsa sunan Sarkin Katsina.

Boko ya zo da nasa baƙin. Turawan Ingila ne suka fara koyarwa a Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920. Bayan samun 'yanci, matasan Amurka 'yan sa-kai suka fara zuwa daga 1961, sannan Indiyawa da 'yan Pakistan da Filifin da Misirawa suka cika azuzuwan kimiyya da lissafi da Larabci a makarantun sakandaren Arewa. Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a Satumbar 1976, buƙatar malamai ta fi ƙarfin kwalejojin horarwa, a daidai lokacin da tattalin arzikin Ghana ya durƙushe. Dubban malaman Ghana suka kwararo Najeriya. Waɗanda suka yi sakandare a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, da wuya a samu wanda bai zauna a gaban malamin Ghana ko na Indiya ba.

Da yawa daga cikin maƙwabtan nan sun shigo ne bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda ta ba su kwana 90 ba tare da biza ba. Kwanakin suka ƙare, suka ci gaba da zama, babu wanda ya ce musu uffan, domin ana buƙatarsu. Sai farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, ga kuma rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a Kano, wanda jagoransa ɗan asalin Kamaru ne, ya sa ana yi wa baƙi kallon hadarin kaji. A ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba duk baƙon da ba shi da cikakkun takardu mako biyu ya bar ƙasar. Daga baya aka ƙara wa ƙwararru da masu sana'a wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. An ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu ne suka fita, kimanin rabinsu 'yan Ghana, kuma jakar da suka zuba kayansu a ciki ita ce har yau ake kira Gana-mas-go a kasuwanni. An sake irin wannan kora a 1985. Ghana ma ta riga ta yi wa 'yan Najeriya haka a Nuwambar 1969, zamanin Firayim Minista Kofi Busia, kuma Hausawan zango na cikin waɗanda abin ya rutsa da su.

Abin lura a nan shi ne ba a yi sabuwar doka a 1983 ba. Dokar 1963 ce, wadda ta yi shekaru a kwance, aka tashe ta rana ɗaya. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan malamin ɗan ECOWAS ne

Ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS ba ya buƙatar biza kafin ya shigo Najeriya. Yana buƙatar fasfo mai rai ko takardar tafiya ta ECOWAS ko katin shaidar ƙungiyar, da katin rigakafin cutar shawara mai launin rawaya, sannan ya shigo ta halastacciyar ƙofa a buga masa hatimi. Ga mai fitowa daga Maraɗi ƙofar ita ce ta Jibiya, ga mai fitowa daga Damagaram kuwa akwai ta Kwangwalam a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa. Hatimin nan shi ne tushen komai. Wanda ya biyo hanyar daji a bayan babur ya tsallake wahalar awa guda a kan iyaka, amma ba shi da abin da zai nuna ranar da ya shigo, kuma duk takardar da zai nema daga baya daga wannan rana ake lissafa ta.

Kwana 90 ɗin na ziyara ne. Mai niyyar zama ya yi aiki sai ya nemi katin zama na ECOWAS a ofishin Hukumar Shige da Fice na jihar da yake zaune, wato hedkwatarta ta Katsina ga mazaunin waɗannan ƙananan hukumomi, kafin wa'adin ya cika. 'Yancin zama ya samo asali ne daga ƙarin yarjejeniyar da ƙasashen suka amince da ita a 1986. Abin da akan nema bai taka kara ya karya ba: fasfo da shafin da ke ɗauke da hatimin shigowa, hotuna, takardar ɗaukar aiki, da wasiƙar mai makaranta da ke cewa ya ɗauki nauyin baƙon a gaban hukuma. Katin yana da wa'adi kuma ana sabunta shi. Kuɗinsa bai kama ƙafar abin da sauran baƙi ke biya ba, mai makarantar kuma ba ya buƙatar neman gurbin ma'aikacin waje daga Abuja.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairu, 2025, ta sa wannan gata ya rataya a kan zare. A ranar ficewar, ƙungiyar ta umarci sauran ƙasashenta su ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar musu 'yancin zirga-zirga da zama har sai an sanar da wani mataki. Ma'ana, abin da a da haƙƙi ne bisa yarjejeniya, yanzu rangwame ne na wucin gadi. Ɗan Nijar da ke koyarwa a Faskari da katin zamansa a aljihu ya fi wanda ba shi da komai tudun dafawa duk ranar da aka sauya shawara. Su kuwa 'yan Chadi da Kamaru, duk da maƙwabtaka da sassaucin shigowa da suke da shi, ba su taɓa zama 'yan ECOWAS ba, saboda haka wannan kati ba nasu ba ne.

Idan daga nesa ya fito

Hanyar Bamisire ko ɗan Sudan ko Ba'indiye ko Baturke ta fi tsawo, kuma ba daga hannunsa take farawa ba. Daga hannun mai makaranta take farawa.

Makarantar za ta kasance mai rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, sannan ta nemi izinin gurbin ma'aikacin waje, wanda ma'aikatan ofis ke kira kota, daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya. Ana ba da gurbin ne ga muƙami, misali malamin kimiyyar sinadarai, ba ga sunan mutum ba, kuma bisa hujjar cewa ƙwarewar ta yi ƙaranci a gida. Sharaɗi ne a haɗa baƙon da 'yan ƙasa biyu masu koyon aikin a ƙarƙashinsa domin su gaje shi, sannan makarantar ta riƙa miƙa wa Hukumar Shige da Fice rahoton baƙin ma'aikatanta duk wata. Wanda gwamnatin tarayya ko ta jiha ta ɗauka kai-tsaye ba ya bin wannan layi, shi ya sa ɗaukar baƙin malamai ya fi sauƙi ga jami'o'in gwamnati irin ta Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsinma a kan makarantar ɗan kasuwa.

Da gurbin ya samu, sai malamin ya je ofishin jakadancin Najeriya a ƙasar da yake zaune ya nemi bizar aiki da aka fi sani da STR. Zai gabatar da takardar ɗaukar aiki, da amsar da ya rubuta cewa ya karɓa, da kwafin izinin gurbin, da shaidun karatunsa. Bizar ta kwana 90 ce, kuma a cikinsu ne mai makaranta zai nemi a daidaita zamansa a ba shi katin zama da aiki da ake kira CERPAC, wanda aka fara amfani da shi a 2002. Kuskuren da aka fi yi shi ne shigo da malami da bizar ziyara ko ta kasuwanci da nufin a gyara daga baya. Waɗannan bizoji ba su halasta aikin albashi ba. Wanda zai zo na ɗan lokaci, kamar mai horar da malamai na makonni, akwai izinin aikin wucin gadi da aka tanadar masa daban.

Katin CERPAC ba mai arha ba ne. A ƙarshen 2018 aka ninka kuɗinsa daga Dala 1,000 zuwa Dala 2,000 a shekara, kuma an sake taɓa kuɗaɗen a sauye-sauyen 2025. Makarantar da ke karɓar kuɗin zango daga 'ya'yan manoma da ƙananan 'yan kasuwa a Sabuwa ba za ta iya ɗaukar wannan ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa irin waɗannan malamai suka tattare a manyan makarantun Abuja da Kano da Kaduna. A Fabrairun 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ƙaddamar da wani haraji na daban a kan masu ɗaukar baƙi aiki, Dala 10,000 a shekara kan ma'aikaci da Dala 15,000 kan darakta, amma ta dakatar da shi a watan Maris bayan ƙorafin 'yan kasuwa. Daga ranar 1 ga Mayu, 2025 kuma, Ma'aikatar Cikin Gida ƙarƙashin Minista Olubunmi Tunji-Ojo ta mayar da neman biza da katin zama ta intanet, ta kuma sanar da tarar Dala 15 kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan ƙarewar izininsa, tare da haramcin sake shigowa na shekaru ga wanda ya daɗe. Tun da kuɗaɗen suna yawan sauyawa, adadin da ke shafin hukumar ranar biya shi ne abin dogaro, kuma biyan ta banki ne da rasit.

Katin yana ɗaure ne da wurin aikin da aka rubuta a kansa. Malamin da ya bar wata makaranta a Funtuwa ya koma wata a Malumfashi bai tafi da izininsa ba: sai sabuwar makarantar tana da nata gurbin, tsohuwar ta rubuta cewa ta sallame shi, hukuma kuma ta amince. Wannan yana ba mai makaranta ƙarfi sosai a kan baƙonsa, kuma akan samu masu amfani da shi wajen danne albashi ko riƙe fasfo. Fasfo mallakar ƙasar da ta bayar da shi ne, ba jingina ba ne a hannun ubangida.

Shaidar malanta

Izinin zama bai mayar da mutum malami ba. Wannan aikin Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa ne, wato TRCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta 1993. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE. Hukumar tana kasa malamai aji huɗu: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, da masu NCE, kuma dole shaidar ta ƙunshi horon koyarwa. Mai digirin lissafi zalla sai ya ƙara da difilomar koyarwa. Akwai jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta, sannan lasisi da ake sabuntawa duk shekara uku.

Takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna ta, ta faɗi daidai da me take a tsarin Najeriya. A nan 'yan ƙasashen renon Faransa da waɗanda suka yi karatu a ƙasashen Larabawa suke shan wahala, domin sai an fassara takardun zuwa Ingilishi a wurin da aka amince da shi, kuma sunan da aka rubuta Mahamadou a fasfo, Muhammad a shahadar Larabci, Mamman a takardar ɗaukar aiki, yana iya tsayar da fayil wata da watanni. Rantsuwar kotu da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne tana warware wannan, in an yi ta da wuri.

Malamin tsangaya ko na zaure wanda ba ya karɓar albashi daga wata makaranta mai rajista ba ya cikin lissafin TRCN. Amma batun izinin zama yana nan a kansa kamar kowa.

Gida, waya, banki da haraji

A Yulin 2019, zamanin Kwanturola-Janar Muhammad Babandede, Hukumar Shige da Fice ta fara rajistar baƙi ta na'ura, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsun duk baƙon da zai wuce kwana 90. Ƙa'idojin shige da fice na 2017 sun ɗora wa masu masauki da masu gidajen haya alhakin tabbatar da cewa baƙon da ke ƙarƙashin rufinsu ya bi doka. Ɗan kasuwar da ya gina gidan haya a Ƙanƙara yana zaune a Kano yana karɓar kuɗi ta hannun dillali, ya kamata ya san wannan ya shafe shi. A aikace kuma, a waɗannan garuruwa, gabatar da baƙo ga mai unguwa da dagaci yana da nauyin da ya kusa kai na takarda. Shi ne zai tsaya masa ranar da 'yan sintiri suka tare shi da dare.

Lambar shaidar ƙasa ta NIN ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba ce, kamar yadda mutane da dama ke zato. Dokar hukumar NIMC ta 2007 ta haɗa da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida na shekara biyu ko fiye, kuma ana yi masa rajistar ne a matsayinsa na baƙo, da katin zamansa. Tun da aka wajabta haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020, irin wannan baƙo ba zai riƙe layi ba sai da ita. Mai ɗan gajeren zama kuwa ana yi masa rajistar layi da fasfo da shafin bizarsa. Banki zai nemi fasfo da katin zama da shaidar adireshi, ya kuma ɗauki zanen yatsu domin lambar BVN da Babban Banki ya ɓullo da ita a 2014. Lasisin tuƙi ma yanzu sai da NIN. Kowace takarda tana riƙe da wutsiyar wata, kuma duk suna komawa ga katin zama.

Harajin albashi ana cire shi ne tun daga tushe, mai makaranta ya miƙa wa Hukumar Tara Haraji ta Jihar Katsina, domin jihar da ma'aikaci ke zaune ita ke da shi. Baƙo ba ya tsira daga wannan don kasancewarsa baƙo. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a Yunin 2025, mai fara aiki daga 1 ga Janairu, 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, adadin da albashin malamai da yawa na makarantun kuɗi a karkara bai ma kai ba.

Iyali da fili

Haihuwa a Najeriya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta cewa ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan Najeriya. Ɗan da malami ɗan Togo da matarsa 'yar Togo suka haifa a asibitin Faskari za a yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma fasfonsa na Togo ne. In kuwa uwar 'yar Najeriya ce, yaron ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, bai kuma ba baƙon da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba, bambancin da masu rajin gyaran kundin suka daɗe suna kuka da shi. Shi sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 da kyakkyawar shaida, har da ta gwamnan jihar da yake zaune.

Batun fili ma akwai tarko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amana domin amfanin 'yan Najeriya. A 2017 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani Bajamushe kan filin da ke kan dutsen Kajuru a Jihar Kaduna, ta yi hukuncin cewa baƙo ba ya cikin waɗanda dokar ta ba wannan haƙƙi. Baƙon malamin da ya tara guminsa ya sayi fuloti da takardar cinikin mai unguwa kawai, ko da sunan wani amini, ya san cewa ƙafarsa ɗaya a rami take. Haya da rubutacciyar yarjejeniya ta fi masa kwanciyar hankali.

Gajeruwar hanya

Ga Bahaushen Nijar akwai wata hanya da kullum take a buɗe, kuma ita ce mafi haɗari: ya nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ya yi NIN a matsayin ɗan ƙasa, wataƙila har da katin zaɓe. Sau da yawa ba da mugun nufi ake yi ba. Wani mai son taimako ne zai ce ai duk ɗaya ne, kakanninmu ɗaya. Ta fuskar tarihi ya yi gaskiya, ta fuskar doka kuwa ya jefa mutumin cikin laifin ba da bayanan ƙarya, ya kuma jefa ma'aikacin da ya sa hannu. Hukumar Shige da Fice ta sha sanar da ƙwace katunan zaɓe da na shaidar ƙasa daga hannun baƙi gabanin manyan zaɓuka. Zanen yatsa kuma ba ya mantuwa: wanda na'ura ta riƙe a matsayin ɗan Sabuwa ba zai dawo gobe ya nemi katin zama a matsayin ɗan Madarumfa ba tare da tambayoyi sun biyo baya ba.

Yanayin tsaro ya ƙara wa duk wannan nauyi. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da Kaduna, kuma ukun suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi addaba. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, na tsawon watanni. A irin wannan wuri shingayen bincike suna da yawa, kuma baƙon fuska marar takarda shi ake fara zargi da zama ɗan leƙen asiri. Yawo da katin zama da katin shaidar makaranta, da ajiye kwafinsu a gida da wajen shugaban makaranta, ya zama wajibi. Haka nan tun da sabunta takardu ya koma intanet, mai jiran ranar ƙarshe yana iya wayar gari babu sabis a garinsu.

Idan ɗan Katsina ne zai fita

Malaman jihar ma suna zama baƙi a wasu ƙasashe. Hanya mafi tsari ita ce shirin tura ƙwararru da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida da Ministan Harkokin Waje Farfesa Bolaji Akinyemi, wanda ke aika malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da Fasifik. A nan gwamnati ce ke ɗauke da nauyin takardu. Ma'aikacin gwamnati dai sai ya samu rubutaccen izinin tafiya daga ma'aikatarsa, in ba haka ba ya dawo ya tarar an ɗauke shi a wanda ya gudu daga aiki, shekarun fanshonsa sun salwanta.

Mai fita da ƙashin kansa zai bi layi uku da takardun karatunsa, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta taƙaita tantance takardu zuwa hatimi ɗaya: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da zai je. Akan kuma nemi takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, da wasiƙar TRCN mai tabbatar da cewa malami ne mai lasisi wanda ba a taɓa kama shi da saɓa ƙa'idar aiki ba. Wannan wasiƙa ta ƙara daraja tun Fabrairun 2023, lokacin da Ingila ta sa Najeriya cikin ƙasashen da malamansu na lissafi da kimiyya da harsuna za su iya neman shaidar cancantar koyarwa a can. Shaidar ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce: sai wata makaranta ta ɗauke shi ta tsaya masa kafin ya nemi bizar.

A Saudiyya katin zama shi ne iƙama, kuma yana ɗaure da wanda ya ɗauki mutum aiki, ko da yake gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya sassauta sauya wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halasta koyarwa, ko da karatun allo ne ga 'ya'yan Hausawan Makka, kuma wanda aka kama yana ƙarewa ne a gidan tarhil kafin a sa shi a jirgi. Mai zuwa Maraɗi ko Yamai koyar da Ingilishi kuwa, ficewar Nijar daga ECOWAS ta sa bai kamata ya dogara da yadda aka saba a da ba. Ya riƙe fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, wanda tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ya tabbatar an buga masa hatimi a Jibiya da Ɗan Isa, sannan ya nemi rubutaccen kwantiragi daga makarantar kafin ya kwashi iyalinsa.